Waɗanne itatuwa zan dasa tsuntsaye su dawo gonarmu?

Baban Safiyya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin manoma da masana itatuwa na wannan zaure. Bara aka raba mana gado, gonar mahaifinmu da ke wajen Kazaure ta faɗo a rabona. Ba ta kai hekta biyu ba, akwai rijiya a kusurwar gabas, sai wani ɗan kwari da ruwa ke kwanciya da damina. Muna yara akwai kanya biyu a gonar, da ɗinya, da wani ƙaton ɓaure a bakin kwarin. Idan muka kai wa Baba fura da hantsi, da ƙyar kake jin maganar na kusa da kai saboda hayaniyar tsuntsaye a kan ɓauren nan. A shekarun da gonar ta yi a hannun masu haya duk aka sare su, wasu aka yi gawayi. Makon jiya na je da 'yata, muka yi awa biyu ba mu ga komai ba sai hankaki da kurciya ɗaya. Na ba ta labarin cilakowa, ta ce a littafi kawai ta taɓa ganinta. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Na yi niyyar ware kashi ɗaya cikin huɗu na gonar in mayar da shi na itatuwa. Mai sayar da dashe ya ce in ɗauki mangwaro, gwaiba, kashu, darbejiya da turare. Ƙarfina bai wuce dashe 60 ba. Me kuke gani?

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa wannan niyya a mizani. Hadisin Anas da ke cikin Bukhari da Muslim ya ce babu musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga ciki, face ya zama sadaka a gare shi. Ka yi da niyyar ladan ya kai ga mahaifinku.

Malamin Gona: Amin. Yallabai, abin da mai dashen ya lissafa maka shi ne abin da ke hannunsa. Turare ka cire shi tun yanzu: ba ya ba da 'ya'yan da wani tsuntsu zai ci, yana shan ruwa sosai, kuma ka ce rijiya ɗaya gare ka. Mangwaro da gwaiba ba su da laifi, sai dai abin da ya kamata ka fara dubawa shi ne kalandar shekara. Da damina kowane tsuntsu a ƙoshe yake, ga ƙwari, ga tsutsa, ga 'ya'yan ciyawa. Wahalar tana farawa ne bayan an kwashe amfani, ta yi tsanani daga Fabrairu zuwa Mayu. Gonar da ke da abinci a waɗannan watanni ita tsuntsaye ke zama a cikinta, sauran kuwa ratsawa kawai suke yi.

To ka bi shekarar da itatuwanmu na gida. Ɗinya tana nuna wajen kaka. Magarya ta karɓa daga nan har cikin hunturu, kanya da aduwa su ma na sanyi ne. Ɗorawa tana fure wajen Fabrairu da Maris, ta yi gari a bazara. Danya tana zubar da nunu dab da faɗuwar ruwa, faru ya biyo baya da farkon damina, kuma faru idan ya nuna tsuntsaye ba sa barin kansa. Amma uwa-uba dangin ɓaure: ɓauren kansa, cediya, durumi, gamji. Su ba sa nuna a tare. Wannan ya yi 'ya'ya yanzu, wancan sai bayan wata biyu, wani ma ya yi fiye da sau ɗaya a shekara. Shi ya sa hayaniyar da kake tunawa a kan ɓauren take, ba a kan kanya ba. Da ni ne, kafin komai zan mayar da ɓaure bakin kwarin nan.

Baban Safiyya: Na gode Malam. Ban taɓa duba abin ta fuskar watanni ba. Amma ina zan samu dashen ɓaure? Ban taɓa ganin ana sayarwa ba.

Malamin Gona: Ba sai ka saya ba. Cediya da durumi reshe ake sara, mai kaurin damtse, tsawon kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a kafa shi idan ruwa ya zauna. Haka kakanninmu suka yi duk cediyoyin ƙofar fada da na bakin kasuwa. Ɓaure ma yana kamawa ta reshe. Sai dai ka nisanta su da rijiyar da duk wani gini, saiwarsu tana bin danshi tana fasa siminti.

Alhajin Fadama: Ni fa zan faɗi abin da ba a so a ji. Mu da muke noman shinkafa a yankin Haɗeja mun san abin da ake kira tsuntsu. Jan-baki ya sauka a gonarka da safe, kafin azahar ka yi asarar wahalar wata huɗu. Yara suna kwana a kan dandamali suna kaɗa gwangwani, wani lokaci har jirgi gwamnati ke kawowa a yi feshi. Yanzu kuma a ce mutum ya ware ƙasa takanas ya gayyato tsuntsaye? Maƙwabtanka na gona fa, ka tambaye su? Geronsu ne zai fara shan wahala.

Ɗan Jos: Alhaji, da girmamawa, ba duk tsuntsu ne jan-baki ba. Jan-baki ƙwayar ciyawa da hatsi yake ci, bakinsa ma na fasa ƙwaya ne, ba ruwansa da ɓaure ko kanya. Abin da ya tara shi a yankinku shi ne shinkafar da ruwan da kuma kacalla da ta cike fadamun Haɗeja da Nguru, a cikinta yake kwana dubbai-dubbai. Ko an sare duk itacen Jigawa zai zo. Waɗanda 'ya'yan itace da furensa ke jawowa su ne irin su cilakowa, da koren tattabaran daji masu bin ɓaure, da ƙananan nan masu dogon baki da ke shan ruwan fure. Cilakowa kuwa fara da tsutsa take kwasa a gona, musamman lokacin da take ciyar da 'ya'ya.

Alhajin Fadama: Tsirya fa? Kabare fa? Su ma ba sa cin dawa?

Ɗan Jos: Suna ci, ba zan musa ba. Tsirya tana ɓarnar masara da dawa, kabare ma yana taɓa gero. Kuma gaskiya ne ƙananan masu cin hatsi suna son itacen ƙaya su fake a ciki kafin su faɗa gona. Abin da nake cewa shi ne ɓarnar tsirya goma ba ta kama ƙafar ta garken jan-baki ba, bai kamata a haɗa su a hukunci ɗaya ba.

Alhajin Fadama: To na ji. Amma maganar maƙwabta tana nan. Kada ya jera magarya a kan iyaka inda inuwa da tsuntsu za su faɗa gonar wani. Na ga zumuncin shekara 30 ya lalace a kan reshen tsamiya.

Baban Safiyya: Wannan gaskiya ne Alhaji, na karɓa. Kwarin yana tsakiyar gonar ne ta kudu, abin da ke bayansa burtali ne, ba gonar kowa ba. Can zan tattara su. Zan kuma je in gaida maƙwabtan in faɗa musu da bakina kafin in haƙa rami ko ɗaya.

Na Maraɗi: Salamu alaikum. Ɗan'uwa, kafin ka kashe ko dala wajen mai dashe, ka koma gonar ka duba ƙasa. Ka ce sare itatuwan aka yi. An tone saiwar ne? In ba a tone ba, da yawansu suna nan da rai. Duk shekara suna tsiro, duk shekara mai sassabe yana share su yana ƙonewa a matsayin ciyawa. Mu nan jihar Maraɗi haka muka yi ta yi har ƙasa ta zama fili, iska na binne shuka da rairayi, mutum ya shuka gero sau uku bai tsaya ba. Wajen 1983 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aikin dashen itace nan, dashensa na ta mutuwa, ya lura cewa 'yan kurmin da ake rainawa a gonaki kututturan manyan itatuwa ne. Daga nan aka fara abin da muke kira sassaben zamani. Yau ana maganar hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar da itace ya dawo ta wannan hanya, mafi yawa ba wanda ya dasa shi.

Yadda ake yi ba wuya. Ka samu kututture mai tsiro, ka zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka yanke sauran da wuƙa mai kaifi, ka rage ƙananan rassan da ke ƙasa. Shekara mai zuwa ka sake ragewa. Tunda saiwar ta riga ta kai ga ruwa tun zamanin mahaifinku, abin da dashe zai yi a shekara biyar shi sai ya yi a biyu, kuma ba ka ɗaukar masa ruwa ko guga ɗaya. A gonata haka na tada gawo, kalgo, magarya, aduwa da danya. Sabara da geza ma kada ka raina su. Ba su da 'ya'yan a zo a gani, amma ƙarƙashinsu fakara ke ƙwai, nan bushiya da zomo ke ɓuya. Tsuntsu ba abinci kaɗai yake nema ba, yana neman inda shaho ba zai gan shi ba.

Malamin Gona: Wannan ita ce shawarar da ta fi tawa. Allah Ya saka da alheri. Baban Safiyya, ka fara da ita, dashen ya zama na cike gurbi.

Mai Zuma: Ni ta ɓangaren fure zan yi magana, don ba 'ya'ya sai da fure, kuma furen ba ya zama 'ya'ya sai an kai masa gari. Gawo yana da wata baiwa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, kuma yana fure bayan ɗaukewar ruwa lokacin da sauran suka gama. Amyata da ke kusa da gawo da kurna ita ke fara cika. Zumar kurna kuwa ita ce irin wadda ake kawowa daga Yaman da tsada, itacen ɗaya ne. In ka samu gurjiya da minjirya ka sa ko bibbiyu, jan furensu yana fitowa da rani itacen ba ganye, ƙananan tsuntsaye na yini a kai. Roƙona ɗaya: feshin maganin ƙwari. In za ka fesa wa wake, ka bari sai yamma lis da ƙudan zuma ya koma, kuma kada iska ta kai shi kan itatuwan. Feshin rana ɗaya ya taɓa kashe mini amya huɗu.

Maman Ummi: Ina da tambaya, don ni abin da ya dame ni yara ne. Ɓaure da mangwaro suna tara jemage. A gidanmu na dā sai da aka sare mangwaro saboda su. Ba su da cuta? Ga kuma maciji idan wuri ya yi duhuwa.

Ɗan Nima: Hajiya, ki bar ni in kare jemage, don mu a Accra tare muke zaune da su. Duk wanda ya bi ta wajen asibitin sojoji na 37 da magariba ya ga yadda suke rufe sama. Masu bincike sun ɗaura wa irin waɗannan jemagu na'urar bin sawu, suka gano ɗaya zai iya kai ƙwayar itace har nisan kilomita 75 a cikinsa kafin ya kasayar. Wane tsuntsu ne zai yi wannan a dare ɗaya? Kuma furen kuka da dare yake buɗewa, jemage ne babban mai yi masa barbara. Ɗorawa ma haka, rimi ma haka. Wanda ke son miyar kuka da daddawa yana cin aikin jemage.

Nas Hadiza: Duka biyun gaskiya ne. Jemagu suna iya ɗaukar ƙwayoyin cuta, shi ya sa muke hana yara kama su, ko ɗaukar wanda ya faɗo, ko cin ɗan itacen da aka ga sawun haƙori a jiki. Ɗan itacen da aka tsinta lafiyayye a wanke. In jemage ya ciji mutum ko ya yaƙushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa a tafi asibiti a ranar. Amma wannan gona ce a bayan gari, ba tsakar gida ba. Abin da zan ƙara shi ne ya yi wa rijiyar murfi, kada kashinsu ya riƙa faɗawa ciki.

Na Maraɗi: Maciji kuwa ɓera yake bi, ko da itace ko babu. A share hanya, a sa takalmi, kada yaro ya zura hannu a rami.

Abban Khalifa: Ni ban gane dalilin da ya sa ake watsi da darbejiya ba. Tana saurin girma, akuya ba ta cika damunta ba, ba ta neman ruwa, kuma na sha ganin tsuntsaye da jemage suna cin 'ya'yanta. Kanya kuwa sai ka tsufa kana jira.

Malamin Gona: Ba a ce ba ta da amfani ba. Daga Indiya aka kawo ta, ta kuma yi wa garuruwanmu rana wajen inuwa. Amma dalilin da ka faɗa shi ne ya sa ba sai ya dasa ba: tsuntsayen za su kawo masa ita kyauta, ƙarƙashin kowane itacen da suke sauka. Nan da shekara uku aikinsa zai zama tuge ta, in ba haka ba ta danne kanyar da ɗinyar. Ramin da zai ba darbejiya ya ba faru.

Maganar jira kuma gaskiya ce, kada mu ɓoye masa. Kaɗanya takan kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara haihuwa, kuma Kazaure ta yi mata arewa, ba zan ba shi shawararta ba. Kanya ma mai nawa ce. Shi ya sa ake haɗawa da masu sauri. Magarya a shekara uku zuwa huɗu ta fara. Akwai ma wadda aka yi wa aure da irin Indiya a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, 'ya'yanta manya kamar ƙaramin tuffa, ana iya ɗora ta a kan kututturen magaryar gida. Gwandar daji, tsada da dargaza ƙanana ne, ba sa cin wuri. Gwaiba biyar ko shida kusa da rijiya ba laifi, yara su samu, tsuntsu ya samu.

Wani abu da ake mantawa: kanya tana da namiji da mace, kamar gwanda da giginya. Danya ma haka. In ka dasa ɗaya tak, kana iya shekara goma kana ban ruwa ka tarar namiji ne. Ka sa biyar ko shida kusa da juna. Danya tana kamawa ta reshe, don haka ka saro daga wadda ka ga tana haihuwa da idonka.

Abban Khalifa: Wannan na namiji da mace ban sani ba. Ashe shi ya sa kanyar bayan makarantarmu ba ta taɓa yin ɗa ba.

Kawu Manomi: Duk kun yi magana mai kyau, amma ba wanda ya ambaci akuya da yaro mai danƙo. Ni na dasa 40 shekara uku da suka wuce, bakwai suka rayu. Ba fari ne ya kashe su ba. Ana sakin dabbobi bayan girbi, cikin mako guda suka gama da su, ni kuma ina birni ina jiran albashi in sayi waya, kanya ta nuna biri ya karye. Ɗana, kada ka dasa abin da ba za ka iya karewa ba. Gara 20 da kariya a kan 60 a fili. Kowane dashe ka kewaye shi da ƙayar magarya ko kwandon kara mai ƙarfi tun ranar da ka sa shi. Ka yi dashen a Yuli idan ruwa ya zauna, ramin ya kai rabin mita, taki ruɓaɓɓe a ƙasa, ka yi masa gurbi kamar rabin wata ta gefen gangare don ya tare ruwa. Ranin farko da na biyu dole ka ba su ruwa, ko sau biyu a mako.

Yara kuma kada ka yi faɗa da su, ba za ka ci riba ba. Ka ce magarya da kanya halal ne kowa ya tsinka ya ci, sharaɗi ɗaya, ba harbi, ba kwasar sheƙa. Ka samu babba a cikinsu ka ɗora masa amanar wurin, ka riƙa yi masa ɗan alheri. Mai unguwa ma ya sani.

Mai Zuma: Ruwan sha ma. A watan Afrilu kasko ɗaya na ruwa ya fi itace goma jawo tsuntsu. Ka binne kasko mai faɗi a inuwa, mara zurfi, ka sa duwatsu a ciki don ƙudan zuma da ƙananan tsuntsaye su samu wurin tsayawa. A zubar a sake duk kwana biyu saboda sauro.

Ɗan Jos: Kuma in ka tarar da busasshen itace a tsaye, ka bar shi. Cilakowa a kogo take ƙwai, macen ta shiga a liƙe ƙofar da laka a bar 'yar tsaga, namijin yana miƙo mata abinci har 'ya'yan su yi ƙwari. Ba kogo, ba za ta zauna ba ko abinci ya yi yawa. Tsirya ma kogo take nema.

Baban Safiyya: Jama'a, na dawo. Jiya Asabar na je gonar tun da sassafe, na ɗauki tsohon da ya yi wa Baba aiki shekaru, don shi ya san kowane tsiro da ganyensa. Mun bi ta kusurwa-kusurwa. Mun ƙirga magarya 11, kalgo da sabara ba adadi, aduwa uku, gawo huɗu ƙanana. Ɗaya daga cikin kanyoyin nan biyu tana da rai, ta fitar da tsiro sun fi 20 a jikin kututturen, an sha sare su. Tsohon ya ce ita ce mai zaƙin, wadda Baba ke hana a hau. Na daɗe a tsaye a wurin. Ɗinyar ba mu ga alamarta ba. Ɓauren kuwa an ƙone kututturen har ƙasa, ya mutu. Mun ɗaura jan ƙyalle a kan duk wanda za a bari, na kuma gaya wa mai yi mini sassabe. Dashe na rage zuwa 20: faru, ɗinya, danya, ƙarin kanya, gwaiba kaɗan. Saura reshen ɓaure.

Na Maraɗi: Alhamdu lillahi. Kanyar kada ka rage ta da yawa a karon farko, ka bar biyar, baɗi ka zaɓi biyu. Ka yi yankan daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage.

Kawu Manomi: Akwai ɓaure babba a gonar ƙanena ta hanyar Roni, yana haihuwa sosai, ga cediya a ƙofar gidansa. Na yi masa magana ya ce a zo a sara. Kada ka zo yanzu, reshen zai bushe kafin ruwa. Ka bari sai an yi ruwa na uku mai ƙarfi, a sara da safe a kafa a ranar. Ka haƙa ramukan tun yanzu, uku a bakin kwarin, tsakanin kowanne taku 15, ka tanadi ƙayar da za ka kewaye su.

Baban Safiyya: In sha Allahu Kawu. Ramukan zan sa a fara ranar Laraba, Safiyya ta ce ita za ta riƙa zuba ruwan kaskon duk ranar da muka je. Zan kira ka idan ruwan ya sauka.